Zazzaɓin Tailan da Gonar Inna

Ina farawa da godiya ga Allah da Ya tashe ni daga gadon da na zaci shi ne na ƙarshe. Tun da na fara iya zama a ƙofar gida, samarin Birnin Kudu da na Gwaram suke zuwa dubiya, kuma kafin su tashi sai ɗayansu ya rage murya ya tambaye ni hanyar zuwa Tailan. Na gaji da maimaitawa, numfashin nawa ma bai gama dawowa ba, shi ya sa na rubuta. Akwai kuma mutum ɗaya da nake so a karanta masa wannan a gaban jama'a, don na san shi da kansa ba zai karanta ba.

Sunana Sabi'u, ɗan garin Sundimina, autan Inna. Shekara huɗu na yi a Cantaburi, garin da ake cinikin duwatsu masu daraja. Ana kawo mana ɗanyen dutse daga gida, mu zauna a teburan kasuwa mu sayar wa masu yankawa da gogewa. Wanda ya karɓe ni a can zan kira shi Alhaji Iliya, mutumin Farin Dutse ne ta ƙasar Gwaram. Ya fi shekara ashirin a garin, ya auri 'yar ƙasar mai suna Nit, wadda ta musulunta amma danginta suna kan addininsu. Shago da gida da mota duk da sunanta suke, domin baƙo ba ya mallakar fili a can, kuma izinin zaman Alhaji ma a kan auren ya rataya.

Bari in fara da kuɗi, don a nan na fara kwanciya tun kafin sauro ya cije ni. Banki bai yarda ya buɗe mini asusu ba saboda bizata ta shiga da fita ce. Katin gida kuwa, duk cirewa ɗaya na'ura za ta yanki sama da bat ɗari biyu na kuɗin ƙasar, bankinka na Najeriya shi ma ya yanki nasa. Da na koka, Alhaji ya dafa kafaɗata.

“Kawo in ajiye maka, Sabi'u. Ni da marigayi mahaifinka mun ci kasuwar Sara tare. Ran da kake so, ka ce kawai.”

Sau uku na yi niyyar cewa mu rubuta, sau uku bakina ya yi nauyi. Yaya za ka dubi mai furfura, wanda ya kira sunan ubanka, ka ce ya sa hannu? Mutanen can ko kuɗin kama ɗaki suka karɓa sai sun miƙa maka takarda, kuma ba wanda yake jin an raina shi. Ni kuwa na yi irin ta fataken da da mai masaukinsu, na dinga miƙa masa ribata a ambulan, yana zubawa a asusun Nit. Zuwa daminar da na kwanta, abin ya kai bat dubu ɗari uku.

Makon farko zazzaɓi ne kawai, da ciwon kai ta bayan ido, da ƙasusuwa kamar an daka ni a turmi. Na ce ai cizon sauro ne, tsohon abokinmu. Kowane ɗanmu a can yana da ledar magani da ya taho da ita daga kemis ɗin gida. Na sha na maleriya, na bi shi da na ciwon jiki mai ƙarfin nan, biyu safe biyu yamma. Inna ta kira ta wayar Yaya Rabi, babbar yayata da ke aure a Birnin Kudu.

“Auta, ka samu ganyen darbejiya ka yi sirace. Ko babu darbejiya a garin arnan?”

“Akwai, Inna. Har miya suke yi da ita.”

“To Allah Ya shirye su. Ka rufa da bargo ka yi gumi.”

Rana ta biyar zazzaɓin ya sauka, na yi hamdala, har na tafi kasuwa. Da na yi asuwaki sai na ga jini. Bayan gida ya fito baƙi ƙirin. Ina miƙewa daga teburin ciniki duniya ta juya, na farka a bayan motar Nit, tana tuƙi tana kiran sunana yadda harshenta ya iya.

Kalmar likitan ta zauna mini a kai har yau: dengi. Sauron da ke cizo da rana ne yake kawo shi. Ya ce lokacin da zafin jiki ya sauka shi ne lokacin haɗari, kuma maganin ciwon jikin da na sha shi ya buɗe wa jinin hanya, ya kuma taɓa mini ƙoda. Ku da za ku je, in zazzaɓi ya kama ku a can, farasitamol kawai, sannan ku je a ɗibi jini a ranar. Ledar maganin gida ku bar ta a gida.

Asibitin kuɗi Nit ta fara kai ni. Wuri tsaf kamar otal, amma kafin su ba ni gado sai da suka nemi fasfo, da inshora, da kuɗin kafin alƙalami. Inshora ba ni da ita, don na ɗauka almubazzaranci ce. Na kira Alhaji na ce ya turo daga ajiyata.

“Kash, Sabi'u! Ai kuɗin suna cikin kaya. Na zuba su a wani dutse, sai an sayar. Ka yi haƙuri, Allah na nan.”

Ban taɓa ba shi izinin juya mini kuɗi ba, amma ba ni da ƙarfin gardama. Nit ta biya na daren farko daga jakarta, washegari aka mayar da ni asibitin gwamnati. Can ma baƙo yana biya, kuma ya fi ɗan ƙasa biya. Layi kuwa irin namu ne, sai dai su a zaune suke yi da lamba a hannu, ba mai tsallake wani, ba mai cewa uffan.

A layin nan na yi kuskuren da kowane Bahaushe zai yi. Ina kan keken marasa lafiya, awa uku, cikina na murɗawa, sai na ɗaga murya na buga teburin mai karɓar kuɗi. A gida haka ake yi a duba ka. Can kuwa wurin ya yi tsit. Matar ta yi murmushi, ta ajiye takardata a gefe, ta kira lamba ta gaba. Na ɗauka murmushin na ban haƙuri ne, ashe na kunya ne, kuma kunyar tawa take ji mini. Nit ta zo ta haɗa tafukanta a ƙirji, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman aron gishiri, cikin minti biyar aka ba ni gado. A hanyar ɗaki ta ce da ni, “A nan wanda ya yi ihu ya faɗi, ko da shi ne mai gaskiya.”

Sauran na koye su a kwance. Kar ka nuna mutum da ƙafa, kar ka miƙe ta saitin fuskar wani, kar ka dafa kan kowa ko da wasa, ka cire takalmi inda ka ga an cire. Wata rana fanka ta kwashe mini takardar bat ɗari, na kai ƙafa zan take ta, nas ta yi tsalle ta riƙe mini gwiwa fuskarta ta sauya. Hoton sarkinsu ne a jiki, kuma taka shi na iya kai mutum inda bai zata ba. Gaisuwar haɗa hannun nan ma ku koya. Ba sai ka rusuna ba, haɗa tafukan da sassauta murya sun isa a buɗe maka ƙofa.

Mako na biyu fitsari ya ɗauke, ƙafafuna suka kumbura, aka sa mini roba a wuya aka fara wankin ƙoda. Nas-nas ɗin nan, Allah Ya saka musu. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma ba wadda ta taɓa yamutsa fuska a kan ƙazantata. Nit kullum da safe sai ta kawo mini kunun shinkafa da ta dafa da naman halal, ta zauna sai na shanye. Ina bin ta da godiya, ina tunanin ta san kuɗina na hannunsu, kunya ce ta sa take hidimar. Sai daga baya na gane ba ta san komai ba.

Ranar Juma'a mutanenmu suka zo dubiya, su takwas a lokaci guda, suka cika ɗakin da marasa lafiya shida ke kwance, wasu a bakin gadona, wani ma a gadon wani tsoho. Nas ta tsaya a ƙofa tana murmushin nan da yanzu na san ma'anarsa. Alhaji ne ya ja addu'a, muryarsa har baranda. Da za su tafi, a gaban kowa ya ɗaga filona ya cusa bat ɗari biyar. Suka yi ta “Allah Ya ƙara arziki, Alhaji.” Na kwanta a kan kuɗin nan ina jin kamar garwashi ne a ƙeyata. Mutum ya riƙe maka dubu ɗari uku, ya yi maka sadaka da ɗari biyar daga ciki, kuma a sa maka baki ka ce amin.

Ina kwance bizata ta ƙare. Duk kwana ɗaya da ka ƙara tarar bat ɗari biyar ce. Ashe da takardar likita ana zuwa ofishin shige da fice a ƙara wa mara lafiya wa'adi. Mutumin da ya shekara ashirin a ƙasa ya san wannan sarai, bai faɗa mini ba, sai da wata nas ta tambaye ni bayan kwana tara sun wuce. Ku riƙe wannan: ranar da aka ba ku gado, ranar za ku duba kwanan bizarku.

Mako na uku takardar asibiti ta haura bat dubu tamanin, ba a sallama kuma sai an biya. Alhaji da kansa ya kira Inna. Yaya Rabi ce ta ba ni labarin yadda ya yi ta kuka a waya, yana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, yanzu sai dai gida su motsa. Ya ce tunda akwai gonar fadamar nan, a jinginar da ita, ƙanensa Bala na Farin Dutse zai taimaka ya karɓa. Gonar nan ita ce gadon Inna daga mahaifinta, ita take ci da mu tun muna yara, shinkafa da damina, albasa da rani. Aka rubuta a gaban mai unguwa da liman: naira miliyan huɗu, in ruwan shuka ya sauka ba a fansa ba, ta zama ta Bala. A nan kam sun san amfanin takarda. Yaya Rabi ta sayar da bijimanta biyu na kiwo aka haɗa kuɗin jirgi da tara.

Na sauka Kano ana tura ni a keke, aka wuce da ni gidan Yaya Rabi a Birnin Kudu don ya fi kusa da asibiti. Wata biyu tana tashi da asuba ta je ta kama mana layi, sannan mijinta ya kawo ni a babur a hankali. An ƙara mini wanki huɗu, daga nan sai gwajin jini duk mako, kowane gwaji da kuɗinsa, kowane magani da nasa. Ita ce mai auna fitsarina a gorar ruwa ta rubuta a bayan kalanda. Ita ce mai dafa mini tuwo da miya ba gishiri ba magi, in na ɓata rai ta ce, “Ci ko in ɗura maka. Ban sayar da shanuna don ka mutu a ɗakina ba.”

Masu dubiya kowa da asibitinsa a baki. Wannan ya ce nonon raƙumi, wancan ya ce saiwar kaza a jiƙa, wata gwaggona daga Yalwan Damai ta rantse sammu ne, wai wata 'yar can ce ta so ni na ƙi. Yaya Rabi takan karɓi kowane ƙulli da godiya, in sun fita ta tura shi ƙarƙashin gado, don likita ya ce ƙodar da ke farfaɗowa ba ta son jiƙe-jiƙe. Inna kuwa ba ta taɓa ambatar gonar a gabana ba. Sai dai na ji an ce ta daina bin hanyar fadama, ko unguwa za ta sai ta zagaya.

Limamin Sundimina, wanda ya shaidi jinginar, shi ya ɓare maganar ba da saninsa ba. Ya zo dubiya yana ta sa wa Alhaji albarka.

“Ai mutumin kirki ne. Bala ba shi da ko sisi a ranar. Muna zaune Alhaji ya turo masa miliyan huɗun daga can, a gabana alat ɗin banki ya shigo.”

Na tambaye shi ranar, ya faɗa. Mako biyu kacal ke nan bayan Alhaji ya ce mini ba shi da abin da zai taɓa. Da kuɗina ya karɓi gonar uwata.  Da liman ya tafi na gaya wa Yaya Rabi, ta zari mayafi.

“Wallahi yau sai Farin Dutse ta san an haife ni. Sai na tara wa Bala jama'a.”

“Zauna, Yaya. In kin yi ihu za su ce ina takarda, kuma ba mu da ita.”

“To sai mu zuba ido ruwa ya sauka?”

“A'a. Ba a hannun Bala kuɗin suke ba, ba kuma a hannun Alhaji ba. Da sunan matarsa suke.”

Na kira Alhaji sau ɗaya, cikin ladabi, na ce lokaci na tafiya. Ya ce dutsen bai sayu ba, in ci gaba da addu'a. Ban ƙara kiransa ba. Wata biyar na yi ina jira, ina cin tuwo lami, ina tisa 'yan kalmomin yarensu da na tsinta a kasuwa. Ba zan yi muku ƙarya in ce neman haƙƙi kawai nake yi ba. So nake ya ji abin da na ji a kan filon nan.

A watan Afrilu mutanen Tailan suke bikin sabuwar shekararsu. Kowa yana komawa gidan iyaye, a zuba wa tsofaffi ruwa a hannu a nemi albarka. Na san Nit za ta kasance a gidan mahaifiyarta da yayyenta maza, na san kuma Alhaji ba ya ƙin zuwa don a can ake ganin girmansa. A nan gida hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Bala har ya kai taki gonar. Na sa Inna ta yi kwalliya ta zauna kusa da ni, na kira Nit ta bidiyo da hantsinmu, su suna shirin cin abincin yamma.

Ta yi murna ƙwarai, ta zagaya da wayar kowa ya gan ni. Na haɗa tafukana na gaida tsohuwar, mahaifiyar Nit. Na ce ga mahaifiyata tana godiya ga 'yarku da ta ciyar da ni da hannunta. Inna ta yi ta sa albarka ina fassarawa. Na hango Alhaji a gefe yana washe baki. Sai na ƙara sassauta murya, da murmushina, na ce abu ɗaya ne nake jin nauyin tambaya. Mahaifiyata ta ba da gonarta don a biya asibiti, saura 'yan kwanaki ta rasa ta. Ko Nit za ta duba mini, in ba takura, yaushe zai yiwu a saki ajiyata ta dubu ɗari uku da ke asusunta shekara huɗu?

 Tsohuwar ta ajiye cokali. Nit ta juya ta dubi mijinta, ta juyo ta yi mini murmushi, ta ce za ta duba. Wayar ta mutu.

Na san abin da na yi. Na tsayar da matar da ta yi jinyata a gaban uwarta da yayyenta a matsayin mai riƙe da kuɗin mara lafiya, a ƙasar da zubewar mutunci ta fi mari ciwo. Bayan kwana huɗu kuɗina suka shigo cif ta hannun wani ɗan canji, ba ko gaisuwa. Na tura mata godiya, saƙon bai shiga ba, har yau kuma bai shiga ba. Wannan yana damuna, kuma ita kaɗai ce a labarin nan nake roƙon ta yafe mini.

Sauran labarin mutanenmu na can suka kawo. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Alhaji ya je shago ya tarar an sauya kwaɗo. Motar kuma, yayanta ya zo ya ɗauke ta. Da lokacin sabunta izinin zamansa ya yi, ta ce ba ta jin daɗi, ba za ta iya raka shi ofis ba. Kafin wata ya cika yana Farin Dutse da jaka ɗaya.

Ranar da muka je fansar gona, ni da mijin Yaya Rabi da liman da mai unguwa, an yi yayyafi da safe amma bai kai na shuka ba. Bala ya ce a biya shi takin da ya zuba. Mai unguwa ya buɗe takarda ya ce bai ga taki a ciki ba. Muna fitowa daga zauren na ga Alhaji a kan tabarma a gindin bango, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya miƙo hannu, na haɗa nawa a ƙirji.

“Sabi'u, ka kashe mini aure, ka raba ni da shekara ashirin. Kuɗinka sun dawo, gona ta dawo. Don darajar mahaifinka ka yafe mini, mu rabu lafiya.”

Liman ya dube ni, mai unguwa ya dube ni. Inna ma kafin in fito sai da ta ce, “Auta, in ya roƙa ka yafe, duniya ce.”

Na ce, “Ba komai, Alhaji. Ran da ƙodata ta koma yadda take, ka zo Sundimina mu yi maganar.”

Ya ce Allah Ya kawo ranar, har da shafa addu'a, liman ya ce amin. Ban gaya musu ba, ranar Talatar da ta wuce likita ya duba sakamakon jinina ya ce in gode wa Allah da rabin aikin ƙodar da ya dawo, ragowar ba za ta dawo ba.